Darasi na 11: Wata Guda Babu Nama a Tukunya

'Yan'uwana mata, darasin yau a kan tukunya yake, amma a ƙarshe lissafin akwati za mu yi. Kowacce a cikinmu ta san kuɗin cefane ne ke cin mafi yawan abin da ke shigowa gida, kuma idan ranar zubi ta zo aka ga mace ta sunkuyar da kai, galibi tukunya ce ta cinye hannun jarinta. Shi ya sa a gidanmu muka gwada yin wata guda cur ba mu sayi nama ko kifi ba, mu ga ko iyali za su ƙoshi, ko lafiya za ta tsaya, kuma ko wani abu zai ragu a jefa a akwati. Mu tara ne a gidan: Malam, mahaifiyarsa Inna, ni da abokiyar zamana, da yara biyar.

Tun farko a gane, ba cewa muke nama haramun ba ne. Halal ne, ni'ima ce, kuma jiki na amfana da shi. Akwai dai mutane da yawa a duniya, kamar a ƙasar Indiya, da suke rayuwarsu a kan shinkafa da dangin wake da madara ba tare da nama ba, suna noma, suna haihuwa. Mu wata ɗaya kawai muka ɗauka, kuma mun bar nono da ƙwai a cikin abincinmu.

Na san wata za ta ce, "To ai mu dama ba ma ganin nama sai Sallah ko suna." Gaskiya ne, kuma darasin ya fi shafar ki ma. Idan naman ba ya zuwa, dole a san abin da zai tsaya a gurbinsa, in ba haka ba kullum tuwo ne da miya tsululu, ciki ya cika amma jikin yaro bai samu abin ginuwa ba.

Me nama yake yi a jiki?

Abu uku ne babba. Yana gina jiki, wato abin da ma'aikatan lafiya ke kira furotin. Yana ƙara jini saboda sinadarin ƙarfe da ke cikinsa. Sannan akwai wani bitamin mai suna B12 wanda jijiyoyi da jini ke buƙata.

Na farkon ba shi da wuyar samu a wurinmu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, gyaɗa ma haka, waken suya kuwa ya haura kashi ɗaya cikin uku. Kuma Allah ya hore mana: Najeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman wake. Abin da za ku riƙe shi ne a haɗa wake da hatsi. Abin da hatsi ya gaza a kai, wake yana da shi, abin da wake ya gaza a kai, hatsi yana da shi. Kakanninmu ba su shiga aji ba amma sun san haka: shinkafa da wake, ƙosai da koko, ɗanwake, dambu da ƙuli, duk haɗin nan ne.

Na biyun yana son dabara. Akwai sinadarin ƙarfe a wake da zogale da alayyahu da rama, sai dai jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama. Abu mai bitamin C yana taimaka masa ya shiga jini: ki matsa lemun tsami a kan kwaɗo, ki yanka ɗanyen tumatir a kan wake, ki ba yara gwaiba ko kunun kuka bayan abinci. Shayi kuma akasin haka yake yi, yana tare shi. Saboda haka a bar shayi sai an ɗan jima da cin abinci, kamar awa ɗaya ko biyu.

Na ukun, B12, ba ya cikin wake, ba ya cikin ganye, ba ya cikin hatsi. Daga dabba kaɗai ake samunsa. Dalilin da ya sa ba mu taɓa nono da ƙwai ba ke nan. Duk wadda ta ce za ta bar nama, ta bar nono, ta bar ƙwai gaba ɗaya na tsawon lokaci, to ta je ta ga ma'aikacin lafiya tukuna.

Yadda muka shawo kan gida

Ban fara da tukunya ba, da Malam na fara. Na ce, "Malam, ina son ka ba ni wata ɗaya. Kuɗin cefane kar ka rage ko sisi, ni kuma ba zan sayi nama ba. Abin da ya ragu zan ƙara a zubina, in an fasa akwati mu sayi tunkiya." Ya ce, "In dai ba za ki bar mu da yunwa ba." Wannan sharaɗin na kar a rage kuɗin cefane ku riƙe shi da kyau. In maigida ya ga babu nama ya rage abin da yake bayarwa, to ke kin yi wahala, shi ya ci riba.

Inna ta fi wuya. Ta ce, "Ke 'yar nan, miya babu ko ƙashi ai ruwan wanke kwano ce." Na ce, "Inna, ki ɗanɗana ta kwana uku, in ba ta yi miki ba ke kam sai a riƙa sayo miki naki." Ba ta ƙara tayar da zancen ba, sai dai ban ce ta daina harara ba.

Autanmu kuma ya tambaya ko fara ma nama ce. Muka yi dariya, aka yanke hukunci cewa abin da mutum ya saya da kuɗinsa a waje ba ya cikin lissafi. Haka ma Malam, abin da ya ci a wurin mai tsire ranar kasuwa, tsakaninsa da Allah.

Makon farko shi ne mai zafi. Ba yunwa ba ce, baki ne ya saba. Miyar kuka da aka saba jin ƙamshin busasshen kifi a ciki sai ta zama kamar an yi mata sata. Abin da ya cece ni daddawa ce. Na ninka wadda nake sawa, ina dakata da citta da masoro da tafarnuwa, sannan ina soya albasa a mai har ta yi ja kafin in tsaida ruwan miya. Sai kuma wata dabara ta tsofaffi: a surfa wake a cire bawo, a daka shi, a zuba a ruwan miyar kuka ko kuɓewa ya nuna har ya narke kafin a kaɗa. Miyar tana yin kauri, tana riƙe ciki, kuma yaro ya ci wake bai ma sani ba. Miyar taushe da ta yakuwa kuwa dama gyaɗa ce ƙarfinsu, ba su nemi nama ba ko kaɗan.

Awara

A nan zan daɗe, domin awara ce ta riƙe mana watan, kuma sana'a ce ga wadda take so.

Ki tsince waken suya mudu ɗaya, ki wanke, ki jiƙa shi ya kwana. Da safe ki zubar da ruwan, ki sake wankewa, ki kai inji a niƙa miki da laushi sosai. Ki ƙara ruwa ki tace da kyalle mai tsabta. Farin ruwan da ya fito shi ne madarar. Ki ɗora a wuta ki tsaya a kai, don tana tashi ta zube kamar nono. Ki bar ta ta tafasa sosai, kar ki yi gaggawa, domin waken suya da bai dahu ba yana ɓata ciki kuma jiki ba ya cin amfaninsa. Idan ta tafasa sai ki riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan, wanda kika tsiyaye daga ƙullun kamu, ko na tsamiya, ko na lemun tsami. Za ki ga ta dunƙule ta taso sama, ruwan ya koma garau. Ki kwashe a kyalle, in kina so ki zuba gishiri da attarugu da albasa, ki ɗaure ki danne da dutse ruwan ya tsane. Sai yanka da suya.

Yawancinmu mun san awara da yaji a bakin makaranta. Ni a miya na riƙa jefa ta. In an soya ta ta yi ƙarfi sannan aka saka a miyar dage-dage ta ɗan tafasa, tana shan miyar, kuma kowa yana samun yankan da zai tauna. Kun san rabin daɗin nama a gida ai rabon ne, kowa ya ga nasa a kan tuwo. Dusar da ta rage a kyalle kar a zubar, a dafa a ba kaji ko akuya.

Sauran kwanakin mun yi ta juyawa ne tsakanin alale, ƙosai, ɗanwake, faten wake da alayyahu, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, da fura da nono da rana. Ƙwai kuwa na kajinmu ne, muka daina sayarwa a watan.

Abu biyu a kan wake. Ki jiƙa shi tun dare ki zubar da ruwan kafin ki ɗora, zai nuna da wuri, itace ya ragu, kumburin ciki ma ya ragu. Kuma a sassauta hannu da kanwa. Tana sa wake ya yi laushi, amma in ta yi yawa tana kashe wasu bitamin da ke cikinsa. Gyaɗa kuma a tsince ta da kyau. Duk wadda ta yi fumfuna, ta canza launi ko take ɗaci, a zubar. Tana ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma suya ko dahuwa ba sa kashe ta. Kar a ce a yi ƙuli da ita don kar a yi asara.

Waɗanda ba a sa su a gwajin ba

Abokiyar zamana tana da ciki wata shida a lokacin. Ita ba mu sa ta ba. Na ce mata, "Amarya, ke naki daban." Ranar kasuwa ana sayo mata ɗan nama ko kifi, tana cin ƙwai kullum, kuma tana shan ƙwayoyin ƙarin jinin da ake bayarwa a wurin awo ba fashi. Mai ciki da mai shayarwa jininsu na mutum biyu ne, ba a tara kuɗi a kansu.

Haka ma yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 2. Cikinsa ƙarami ne, ba zai iya cin waken da zai ishe shi ba. A ci gaba da ba shi mama, a ba shi ƙwai, kifi ko nama in an samu, da kunu mai kauri. Garin kunun da ma'aikatan lafiya ke koyarwa, wanda ake kira Tom Brown, ana haɗa shi da awo 6 na hatsi, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban a niƙa tare. Wanda bai kai wata 6 ba kuwa nonon uwa zalla, ko ruwa ba a ba shi. Mara lafiya, wanda ya tashi daga ciwo, da wadda aka ce jininta ya yi ƙasa, su ma a bar su su ci abin da aka samu. Idan a cikin watan kika ga wani yana yawan jiri, ko tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, a kai shi asibiti a auna jini.

Lissafin

Ga yadda ake yi. A ce gida yana sayen nama na naira 1,000 sau biyu a mako, da kifi na naira 500 sau biyu. Naira 3,000 ke nan a mako, 12,000 a mako huɗu. Kar wata ta ɗauka duka 12,000 ɗin za su shiga akwati. Za ki ƙara sayen wake da waken suya, za ki biya niƙa, mai zai tafi fiye da da saboda suya, itace ma haka. Ki kuma lissafa ƙwan da kika daina sayarwa, shi ma kuɗi ne. A gidanmu kusan rabin kuɗin naman ya koma cikin waɗannan, rabi ya ragu. Da shi na ƙara hannun jari a zubi huɗu na watan.

Akwai kuma abin da ba ya shiga littafi, wato wahala. Ranar awara tun asuba nake tsaye. Da ba mu biyu ba ne a gidan, da 'yata babba mai taya ni tata, da ban iya yin ta sau uku a mako ba. Duk wadda take ita kaɗai ga goyo ga gona, ta yi sau ɗaya ya isa.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Da kaka ya fi, lokacin da wake da gyaɗa suka yi araha. Da bazara ko tsakiyar damina wake kan yi tsada har ribar ta gudu, sai ga wadda ta adana nata. In ƙungiya za ta iya, ta sayi wake da kaka ta zuba a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. In waken ya bushe sosai kuma aka ɗaure kowace leda tam, iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. Jarka mai murfi da aka cika ta har baki ma tana yi. Kuma kar a ɗora gwajin a watan Babbar Sallah, kowa ya san dalili.

Da watan ya ƙare ba mu bar nama ba. Mun koma sayensa ranar Juma'a kawai da ranar da aka yi baƙi, sauran kwanakin wake da awara suka riƙe gurbin. Inna ce ma yanzu take aiken yara su tambayo ko an jiƙa waken suya.

Aikin mako

Kafin zama na gaba, kowacce ta lura da abin da gidanta ya kashe a kan nama, kifi da dunƙulen Maggi na kwana bakwai. Wadda ba ta rubutu ta jefa tsakuwa ɗaya a gwangwani a kan kowace naira 100, ta zo da gwangwanin, sakatariya za ta ƙirga. Ku tattauna kuma: wa ke da mai ciki ko ƙaramin yaro a gida, kuma me za a ware masa? Mata biyu da suka iya awara su zo da jiƙaƙƙen waken suya da aka niƙa, wata ta zo da ruwan tsami, wata da kyallen tata da tukunya, za mu yi ta tare bayan an rufe akwati.