Kayen rauni da ciwo: darasi ga ƙungiyoyin makiyaya

Ƴan'uwa makiyaya, a aikina na likitan bisashe kullum lissafi nake: shanu nawa aka yi wa allurar ciwon huhu, awaki da tumaki nawa suka mutu, raƙuma nawa suka yi ɓari. Amma mutumin da sa ya soke shi wurin allura, ko yaron da igiyar guga ta tsinke wa yatsa a bakin rijiya, babu takardar da ke ɗauke da labarinsu. Ma'aikacin albashi in ya ji rauni wurin aiki ana kai maganarsa CNSS. Makiyayi kuwa ba ya cikin wannan tsari. Shi ya sa nake son kowace ƙungiya ta buɗe kaye guda na rauni da ciwon da kiwo ke jawowa.

Me ya sa ake rubutawa?

Ku tuna shekarar 2016. Daga watan Agusta zazzaɓin Rift ya ɓulla a jihar Tawa, wajen Cintabaradan da Tasara, ana gab da taron Ingal. Bisashe suna ta ɓari suna mutuwa, mutane kuma suna kwanciya da zazzaɓi, wasu har da zubar jini. Gwajin cibiyar Pasteur ta Dakar ne ya tabbatar da cutar. Mutane sama da 30 suka rasu, akasarinsu makiyaya. Wannan cuta tana shiga mutum ta cizon sauro, amma an fi ɗaukarta wajen yanka da fiɗa da taɓa ɗan ɓari da hannu tsirara. Ɓari a garke da zazzaɓi a gida labari ɗaya ne. In an rubuta su a shafi guda, ana saurin ganewa.

Abin da ake rubutawa

A ja layi shida a kowane shafi:
1. Rana da wata.
2. Wuri: rijiya, kasuwa, mahauta, wurin allura ko daji.
3. Wane ne: namiji ko mace, da shekarunsa. Kada a sa suna, lamba ta isa, don ciwon mutum sirrinsa ne.
4. Aikin da yake yi: tatsa, ɗiban ruwa, kamun bisa, fiɗa, wankan maganin kaska.
5. Abin da ya same shi: suka, harbi, cizo, sara, karaya, zazzaɓi, gyambo.
6. Abin da aka yi: an je gidan likita ko ba a je ba, da kwana nawa ya yi bai fita kiwo ba.

Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Ƙungiya ta zaɓi mutum biyu, namiji da mace, domin mata ne ke tatsa da gyaran nono, kuma sun fi sakin jiki su faɗa wa ƴar'uwarsu. A rubuta har ƙaramin rauni. Allurar da ta kuɓuce ta soki mai taimakon likita, ita ma a sa ta.

Abubuwa huɗu da ba su jiran ƙarshen wata

Waɗannan a buga salula nan take ga gidan likita da ma'aikatar kiwo:
- Cizon kare ko dila. A wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi neman allura ranar. In alamun hauka suka bayyana, babu magani.
- Saran maciji, musamman kububuwa. Kada a tsaga, kada a ɗaure tam, a kai shi likita.
- Gyambo mai baƙin ɓawo ga wanda ya feɗe bisar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya. Yana iya zama ciwon saifa. Irin wannan mushe ba a buɗe shi, ba a cin namansa.
- Ɓari da yawa a garke tare da zazzaɓin mutane.

Yadda ake karanta kayen

Ƙarshen kowane wata a zauna a ƙirga. A ce layi bakwai aka rubuta, biyar daga rijiya guda: to, a duba igiya da bakin rijiyar, a kuma duba ko yara ƙanana ake bar wa jan raƙumi. In rauni ya taru lokacin allurar shekara, shingen ne ke son gyara. In masu wankan kaska ne ke kuka da jiri da amai, a sayi safar hannu, a daina zuba ruwa cikin galan ɗin magani. In zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi ya yawaita ga masu shan ɗanyen nono da masu jawo mabiyiya, a nemi gwajin cutar ɓari, a riƙa tafasa nono.

Bayan wata uku a miƙa jimilla, ban da bayanin kowane mutum, ga shugaban gidan likita da ma'aikacin kiwo na ƙaramar hukuma. Idan ƙungiyoyin Dakoro da Tanut da Abalak suka kawo irin wannan lissafi, hukumomin jiha za su san inda ya kamata a ajiye maganin maciji kafin damina, da inda za a fara gyaran shinge. Wakilinku ma in ya tashi magana gaban magajin gari, da hujja a hannunsa zai yi ta.

Kaye da bik ba su kai kuɗin akuya ba. A taronku na gaba ku zaɓi masu riƙe shi, ku ja layukan nan shida. Allah ya tsare mu da dukiyarmu.