Gyaran Tsohuwar Rediyo da Injin Buga Kaya

Da yawa daga cikinmu muna da tsohuwar rediyo ko rakoda a gida wadda ta daina aiki. In muka kai wa mai gyara ya buɗe, sau da yawa sai a tarar cikinta lafiya lau. Abin da ya lalace ɗan ƙarami ne: murfin batir ya ɓata, abin murɗa tasha ya karye, ko ɗan faifan roba mai haƙora da ke juya kaset ya tsage. Kamfanin kuwa ya daɗe da daina ƙera irinsa. Saboda roba da ba ta kai girman kwabo ba sai a yar da na'ura sukutum.

Yanzu akwai mafita, wato injin buga kaya na 3D. Wani Ba'amurke mai suna Scott Crump ne ya nemi rajistar irin wanda muke magana a kai a 1989. A 2005 Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya soma aikin RepRap, ya sakar wa kowa tsarin injinsa kyauta. Da wa'adin rajistar ya ƙare a 2009 sai farashi ya faɗo. Har a birnin Lome na ƙasar Togo, a 2013, Afate Gnikou ya harhaɗa nasa daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci.

Ga yadda yake aiki. Injin yana jan zaren roba mai kaurin milimita 1.75, ya narka shi a zafin wajen digiri 200, ya fitar da shi ta wani siririn baki. Sai ya riƙa ɗora shi hawa-hawa kamar yadda magini ke ɗora tubali, kowane hawa kamar milimita 0.2, har kayan ya fito.

Mu lura da abubuwa huɗu. Da farko, kada mu yar da karyayyen, domin shi za mu auna. Na biyu, mu auna da hankali. In faifai ne, mu ƙirga haƙoransa, don haƙori ɗaya in ya ƙaru ko ya ragu, ba zai zauna daidai da ɗan'uwansa ba. Na uku, mu zana shi a kwamfuta, mu buga na gwaji tukuna. Na huɗu, mu zaɓi robar da ta dace. Wadda ake kira PLA tana da sauƙin bugu, amma tana soma laushi a wajen digiri 60, zafin da cikin rufaffiyar mota kan kai da bazara. PETG ta fi ta jure zafi.

Gargaɗi ga 'yan ajin ƙasa: tsohuwar talabijin mai ƙeya tana riƙe wutar da za ta iya kisa ko bayan an zare ta daga soket. Kada ɗalibi ya buɗe ta ba malami a wurin.

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na kayan lantarki. Mu tuna, a Yohanna sura 6, bayan Ubangiji ya ƙosar da mutum 5,000, ya sa almajirai suka tattara ragowar har kwando 12. Mu wakilai ne a kan abin da Allah ya ba mu. Kafin mu kai rediyon baba juji, mu fara buɗe ta mu ga abin da ya karye.