Amsoshin Tambayoyinku: Rigar Nutso A Ruwan Sanyi

Wani mai sauraronmu da ke karatu a Scotland yana tambaya: wace rigar nutso mai hana ruwa shiga zai samu da kuɗi kaɗan?

To malam, ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska, don haka nan ba wurin rowa ba ne. Rigar iri biyu ce. Ta roba mai kauri tana da ɗumi, amma ga nauyi, kuma tana matsewa in ka yi zurfi. Ta yadi mai rufi uku sai an sa kayan sanyi a ciki. Ni ita zan zaɓa: tana saurin bushewa, ga sauƙin faci.

In ta hannu za ka saya, duba zif ɗin da kyau, don sauya shi akwai tsada. Ja robar wuya da ta wuyan hannu. In ta tsattsage ko tana danƙo, a rage maka kuɗi. A hura rigar a shago, a ga ko tana yoyo.

Ka kuma ware kuɗin horo. Iska in ta taru a ƙafafun rigar, sai ta kifa ka, ta yi sama da kai da gudu.