Amsar Tambaya: Ina Farawa Ina Bari

Tambaya: Ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Tun rasuwar mahaifiyata raina a jagule yake. Likita ya ce in riƙa motsa jiki, amma kwana uku nake yi in watsar. Daga wata 'yar'uwa a Aboabo.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Mama. Wannan ba lalaci ba ne. Baƙin ciki yana kashe jiki, zaman shago wuni guda kuma yana ƙara masa nauyi. Kada ki jira sai kin ji marmari, don shi marmarin bayan motsa jikin yake zuwa, idan jini ya zaga, barci ya daidaita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Kada adadin ya tsorata ki, fara da minti 10 a rana. Ki sauka daga motar trotro a Roman Hill, ki ƙarasa kasuwa a ƙafa. Ki kuma nemi maƙwabciyar da za ta ƙwanƙwasa miki ƙofa bayan asuba ku fita tafiya tare. Kunyar idonta ta fi kowace niyya ƙarfi, mu 'yan Zango mun san haka.

Idan kuwa abinci da barci sun gagara fiye da mako biyu, ki koma wurin likitan, ko ki je Asibitin Komfo Anokye.