Jingina Taskar Fayiloli ta NFS: Darasi ga Masu Adana Adabin Baka a Ƙasar Zuru

Gabatarwa

Manazarcin da ya halarci bikin Uhola na Dakarkari a ƙasar Zuru kan dawo da sa'o'i masu yawa na waƙe-waƙe da hirarraki. Idan ana rarraba su ga abokan aiki ta filash, kwafi kan yawaita har a kasa tantance na asali. Tsarin NFS, wanda kamfanin Sun Microsystems ya samar a 1984, yana magance wannan matsala: fayilolin suna zaune a kwamfuta ɗaya, wato uwar garke, sauran kwamfutocin Linux kuma suna buɗe su ta hanyar sadarwa tamkar a cikinsu suke.

Matakan Aiki

A uwar garke, ana rubuta wannan layi a fayil ɗin /etc/exports:

/taska/uhola 192.168.1.0/24(ro,sync)

Alamar ro tana ba da damar saurare da kwafa kaɗai, ban da gyara ko gogewa. Daga nan umarnin exportfs -ra zai zartar da izinin. A kwamfutar manazarci kuwa, ana ƙirƙirar foldar /mnt/uhola, sannan a jingina mata taskar:

mount -t nfs 192.168.1.10:/taska/uhola /mnt/uhola

Idan aka shigar da bayanin a /etc/fstab, jinginar za ta riƙa tabbata duk lokacin da aka kunna kwamfuta.

Matsalar Ɗaukewar Wuta

A nan ne hatsarin yake. Zaɓin hard, wanda shi ne na asali, yana sa manhaja ta tsaya cik idan uwar garke ta mutu, har sai ta dawo. Zaɓin soft kuwa yana haƙura bayan ɗan jira, amma yana iya lalata fayil ɗin da ake cikin rubutawa. Saboda haka soft ya dace da taskar saurare kaɗai, foldar da ake adana fassara da juya murya zuwa rubutu kuma a bar ta a hard. Haka nan a saita kwamfutocin duka a kan UTF-8, domin haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai a sunayen fayiloli.

Kammalawa

NFS yana sauƙaƙa aikin haɗin gwiwa, amma ba ya ajiye kwafi na biyu. Muryar dattijon da ya riga mu gidan gaskiya ba ta sake ɗaukuwa, don haka wajibi ne a adana wani kwafin a wata ma'ajiya dabam.