Ɓarawon da Ba Ya Haura Katanga

Darasi domin dattawa, maza da mata

A zamanin da, idan manomi a Bebeji ko Kiru ya sayar da masararsa, yakan ƙulle kuɗin a tsumma ya ɓoye cikin rumbu. Ɓarawo kuwa sai ya haura katanga da dare kafin ya same su. Yanzu ba haka ba ne. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekara ta 2023, bayan an sake fasalin naira, mutane da yawa suka koma ajiya a banki da biya ta waya. Daga Kwanar Dangora har Tudun Wada da Doguwa, ga masu POS nan a bakin hanya. Wannan abu yana da amfani ƙwarai, gama tsohuwa tana zaune a gida ɗanta ya aiko mata da kuɗi daga Legas. Amma ɓarawo ma ya koyi sabuwar hanya. Ta waya ya ke zuwa, da rana tsaka, da murya mai ladabi.

Abin da za mu riƙe cikin darasin nan shi ne: yawanci ɓarawon nan ba shi da ikon taɓa kuɗinka sai ka miƙa masa mabuɗi da hannunka.

1. Mabuɗan rumbunka

Na fari shi ne PIN, watau lambobi 4 na asiri da ka ke dannawa in za ka fid da kuɗi. Na biyu shi ne lambar da banki ke aiko maka cikin gajeren saƙo, wadda a ke amfani da ita sau ɗaya tak. Na uku shi ne BVN, lambobi 11 da Babban Bankin Nijeriya ya kawo a 2014 domin a shaida mai ajiya. Ma'aikacin banki na gaskiya ba zai kira ka ya nemi PIN ko lambar saƙon nan ba. Wanda duk ya nema, ka san ɓarawo ne.

2. Hanyoyin da ya ke bi

Wani yakan kira ya ce daga banki ne, za a rufe ajiyarka yau ɗin nan in ba ka karanta masa lambobin katinka ba. Yana iya faɗin sunanka daidai, amma sanin suna ba shaida ba ne.

Wani yakan ce sunanka ya fito cikin masu samun taki ko tallafin gwamnati, sai dai ka fara biyan kuɗin rajista.

Wani yakan sayi buhun shinkafa a kasuwa, ya nuna maka saƙo cewa kuɗi sun shiga, alhali saƙon na ƙarya ne.

Wani yakan ce za a yi taron addu'a ta WhatsApp, ka faɗa masa lambobi 6 da aka aiko maka domin ya sa ka ciki. Da ka faɗa, ya ƙwace WhatsApp ɗinka, ya shiga roƙon 'yan'uwanka kuɗi da sunanka.

Wani kuma yakan yi alkawarin riba mai yawa. MMM ta yi wa mutane alkawarin 30 bisa 100 kowane wata, sai ta tsai da biya a Disamba 2016. CBEX ta ce za ta ninka kuɗi cikin wata guda, ta rushe a Afrilu 2025 da dukiyar jama'a. Kuɗin sababbin shiga a ke ba na farko, har ranar da masu shiga suka ƙare. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ku lura, dukansu da abu biyu su ke aiki: tsoro da kwaɗayi. Dukansu kuma suna cewa, "Yi maza, kada ka gaya wa kowa."

3. Abin da za ka yi

In an matsa maka ka yi sauri, kashe wayar, ka kwana a kan maganar, ka shawarci wani amintacce. Matambayi ba ya ɓata.

In an ce ɗanka yana cikin wahala a aika kuɗi, kira shi a lambar da ka sani, ka ji muryarsa tukuna.

Kada ka rubuta PIN a bayan kati, kada kuma ka zaɓi shekarar haihuwarka. A wurin mai POS ka danna da kanka, ka rufe da ɗaya hannun.

Kada ka saki kaya sai ka duba ajiyarka ka ga kuɗin sun ƙaru.

In wayarka ta ɓace, sa a toshe layin da ajiyar nan da nan, gama da layin kaɗai ɓarawo yana iya fid da kuɗi. Tambayi bankinka lambar toshewa tun yanzu, ka rubuta ka ajiye a gida.

4. In an riga an cuce ka

Kada kunya ta rufe maka baki. An cuci malamai da attajirai ma. Sanar da banki a ranar, gama jinkiri yana ba ɓarawo zarafin kwashe saura. Kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC a Kano. Ka kuma gaya wa maƙwabta, domin ramin da ka faɗa kada wani ya faɗa.

Ku kuma samari, ku zauna da iyayenku ku koya musu da haƙuri, ba da dariya ba. Su ne suka koya muku riƙon fartanya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne lambobi ne ba za a faɗa wa mai kira ba?
2. Don me mazambaci ba ya so ka yi shawara da kowa?
3. Wa za ka fara sanarwa in wayarka ta ɓace?
4. Wane dattijo ne a unguwarku za ka karanta wa darasin nan cikin makon nan?