Amsoshin Tambayoyinku: Ko Kok Zai Hana Santsi a Kwale-kwalen Wudil?

Wani mai karatu daga Sabon Gari, Wudil, ya rubuto yana cewa: "Kawu, mahaifina yana da kwale-kwale. Da shi yake su, ranar Juma'a kuma yakan yi fiton mutanen ƙauye masu zuwa kasuwa. Da daminar da ta wuce santsi ya kwashe shi a cikin jirgin, ya bugu a ƙugu, sai da ya yi mako biyu a kwance. Na gani a waya Turawa suna shimfiɗa wani abu wai shi kok a daɓen jiragensu, an ce ko ya jiƙe ba ya santsi, kuma yana hana jirgi nutsewa. Mene ne shi, kuma zai yi mana?"

Allah ya ƙara wa Baba sauƙi, ya sa kaffara ne. Kai kuma, ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya neman abin da zai hana a sake. Tambayarka guda uku ce a dunƙule: mene ne kok, da gaske ne yana riƙe ƙafa, sannan ya dace da irin jirgin da ke kogin Wudil? Bari mu bi su a hankali.

Kok ɗin nan ba na kwalba da ake sha ba ne, ko da yake suna da 'yar dangantaka, domin tsofaffi za su tuna a da akwai ɗan faifansa a cikin murfin kwalbar lemo. Ɓawon wata bishiya ne da ke fitowa a yammacin Bahar Rum: Fotugal, Sifaniya, Maroko, Aljeriya da Tunisiya. Fotugal kaɗai tana samar da kusan rabin wanda duniya ke amfani da shi. Wataƙila ma ka taɓa riƙe shi ba ka sani ba. Shi ne abin nan mai ruwan ƙasa da ake yin allon liƙa sanarwa da shi a makarantu, kuma makanikai sun san shi a gasket ɗin wasu injuna.

Abin mamakin bishiyar shi ne ba a sare ta. Ka san yadda maɗaci ke bushewa idan masu neman sassaƙe suka zagaye gindinsa. Ita wannan ana tuɓe mata ɓawon waje da gatari, kamar an cire mata riga, a bar na ciki, ta sake yin wani. Sai ta kai kimanin shekara 25 ake fara ɓare ta, daga nan sai duk bayan shekara 9, har akan rubuta lamba da farin fenti a jikinta don a tuna shekarar da aka ɓare ta. Ɓawon farko da na biyu ba su da kyau sosai. Mai kyan sai a karo na uku, lokacin bishiyar ta haura shekara 40. Takan rayu wajen shekara 200. Ka ga tun daga nan tsadar kok ta samo asali, noma ne da kaka ke dasawa jika ya ci.

Sirrinsa yana cikin ƙirarsa. A 1665 wani masani a Ingila, Robert Hooke, ya yanki ɗan siririn kok ya duba a madubin ƙara girman abu, sai ya ga ƙananan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Daga wannan kallon ne aka samo sunan da 'yan makaranta ke kiran ƙwayar halitta da shi har gobe. A guntun da bai kai dunƙulen Maggi ba, wato santimita ɗaya ta kowane gefe, akwai irin waɗannan ɗakuna wajen miliyan 40, kowanne a rufe da iska a ciki, bangonsa kuma shafe da wani irin kaki da ruwa ba ya ratsawa da sauƙi. Shi ya sa ba shi da nauyi, ba ya saurin ruɓewa, ba ya kuma ɗaukar zafi. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya taɓa taka ƙarfe ba takalmi da azahar a watan Afrilu a ƙasar Kano.

Maganar riƙe ƙafa kuwa gaskiya ce. Idan aka yanka kok, ɗakunan da ke bakin yankan sukan buɗe su zama ƙananan ƙoƙuna. Ka taka, ya ɗan lotsa, ruwan da ke tsakaninsa da tafin ƙafarka ya matse ya fita, ƙoƙunan su kama fata kamar ƙahon wanzami. Ka ɗaga, ya koma yadda yake. Wanda ake yi wa jirage niƙaƙƙe ne: a niƙa ɓawon, a kwaɓa da gam mai ƙarfi, a danne shi ya zama falle-falle mai kaurin fensir, sannan a manna a daɓen. A da, masu jiragen shaƙatawa katakon tik suke shimfiɗawa, dangin wanda ake yin turakun lantarki da shi a Kudu. Mafi daraja daga Myanmar yake zuwa, kuma ya yi wuya ya yi tsada, musamman bayan takunkumin da ya biyo juyin mulkin 2021. Wannan na cikin abin da ya ɗaga kasuwar kok.

To, a nan ne zan ɗan ja maka birki, ba don abin da ka gani ƙarya ne ba. Jirgin da ka gani a waya daban, na Baba daban. Nasu yana da daɓe a sama, shafaffe, na faiba ko na alminiyam, kuma duk ruwan da ya fantsamo yana da kafar da zai bi ya koma teku. Kwale-kwale ba shi da daɓe. A kan cikin jirgin kansa ake tsayawa, kan katakon da ɗaya fuskarsa ke cikin kogi, kuma duk ruwan da ya shigo nan yake kwanciya har sai an sa ƙoƙo an kwarfe. Gam yana son busasshen wuri mai tsabta, wanda ba ya motsi. Katakon kwale-kwale kuwa kullum cikin motsi yake, ya sha ruwa ya kumbura, ya sha rana ya tsuke. Ba a daɗe ba gefen fallen zai ɗago, ruwa ya shige ƙarƙashi ya rasa hanyar fita, katako ya riƙa ruɓewa a ɓoye. Abin da ya fi damuna ma shi ne mahaɗar katakai. Mai jirgi yana so idonsa ya riƙa ganin inda ke tsatsafo da ruwa, ya cusa auduga ko tsumma, ya bi da kwalta. Idan ka lulluɓe wurin, ka rufe masa ido.

Sannan ka tambayi Baba abin da ya kwashe shi a ranar. Ina kyautata zaton ba katakon ba ne. Jiƙaƙƙen katako mai tsabta bai cika kayar da mutum ba. Abin da ke kayarwa shi ne abin da ya kwanta a kansa: gansakukar da ke fitowa inda ruwa ya kwana, yauƙin tarwaɗa, taɓon da fasinja ke shigowa da shi a ƙafa, da ɗigon mai idan jirgin na da inji. Tsoma yatsa a lungun jirgi da safe ka murza, za ka ji wani sulɓi kamar miyar kuɓewa. Idan wannan ya hau kan kok, ya cike 'yan ƙoƙunan nan, shi ma sai ya zama abin zamiya. Turawan da ka gani wanke nasu suke yi a kai a kai.

Ga kuma irin aikin da jirgin Wudil ke yi. Kok yana jure tafin ƙafa, amma ba ya son kaifi. Ranar kasuwa kofaton awaki ne, da jakin babur, da bakin kwandon ƙarfe. Ranar su ga ƙugiya, ga ƙayar ƙurungu. Idan kuwa jirgin ɗebo yashi ne, bakin shebur zai gama da shi tun kafin damina ta fita. Ƙara da cewa daga waje ake kawo shi, da kuɗin waje, shi da gam ɗinsa.

Saura maganar hana nutsewa, kuma na fahimci inda ta samo tushe. Kok yana iyo ƙwarai, nauyinsa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin ruwa ba. Masuntan Turai sun daɗe suna ɗaura shi a bakin taru, kamar yadda namu ke yanka tsohon silifas su ɗaura, kuma a 1854 an yi wa masu aikin ceto a gaɓar Ingila rigar ruwa da guntayensa. Amma mu yi lissafi. A ce ka shimfiɗa murabba'in mita 5 mai kaurin milimita 6. Duka-duka ruwan da zai ture lita 30 ne, wato nauyin kilo 30, kuma sai ka cire nauyinsa shi kansa. Abin da ya rage bai kai buhun siminti ɗaya ba, balle jirgi da mutanensa. Kada wannan zance ya sa a ƙara ko mutum ɗaya a kan lodi. Mutanen Kano ba su manta da ƙarshen Nuwamban 2021 ba, lokacin da jirgi ya kife a dam ɗin Watari tsakanin Badau da Bagwai, akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. Allah ya jiƙansu. Abin da ke tsare rai a ruwa shi ne lodi daidai ƙarfin jirgi, da rigar ruwa a jikin kowa.

Da ni ne kai, wurin kafinta zan fara zuwa. A auna cikin jirgin, a yi masa shimfiɗar katako mai tsaga-tsaga, irin ta gadon katako: sirara-siraran katakai a jere a gicciye, da tazarar yatsa ɗaya a tsakaninsu, a kafa su a kan 'yan sanduna biyu ko uku da za su ɗaga su kamar yatsa uku daga cikin jirgin. Ruwa da yauƙi su gangara ƙasa, ƙafa ta zauna a sama. A yi ta gida-gida, kowane yanki mutum ɗaya ya iya ɗagawa, don a riƙa fitar da ita ana shanyawa, ana kuma duba mahaɗa. A bar gurbi guda a buɗe inda ruwa ya fi taruwa saboda kwarfa. Kada a ɗaga ta da yawa, domin duk yadda mutum ya yi sama a kwale-kwale, haka jirgin ke ƙara tangaɗi. A nemi katako mai jure ruwa irin su maɗaci ko kawo. Maɗaci dai ya ba da shaida tuntuni: jirgin Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a jihar Yobe ta yanzu, da icen dangin maɗaci aka sassaƙa shi, kuma ya kai shekara 8,000.

A kan wannan shimfiɗar, da bakin jirgi inda ake sa ƙafar farko, da wurin da Baba ke tsayawa da gora, sai a yi fenti da yashi. Dabara ce da masu jirage a ko'ina suka sani, kuma kai da ke Wudil ba za ka sayi yashi ba. Ɗebo na kogi, ka wanke shi har ruwan ya fita garau, ka shanya ya bushe ƙarau, ka tankaɗe da rariya. Wanda ƙwayarsa ta yi kamar sukari ake so. Mai tsakuwa yana ƙuje gwiwa, yana kuma cin taru. Katakon ya zama busasshe, an goge shi da samfefa. Shafa fentin mai, tun yana ɗanye ka barbaɗa yashin har fentin ya ɓace, ka bar shi ya kwana. Washegari ka share wanda bai kama ba, ka bi da fenti shafi ɗaya marar kauri don ya ɗaure sauran. Zaɓi launi mai haske saboda rana. Lokacin hunturu ya fi dacewa da aikin, iska a bushe take. Yakan cinye a inda ake yawan takawa, sai a sabunta shi shekara-shekara. Wasu sukan kafa yankan tsohuwar taya, yana kuma riƙe ƙafa, sai dai baƙar roba tana zafi da rana, kuma kowace ƙusa ƙofa ce ga ruwa, don haka a kafa ta a jikin shimfiɗar, ban da jikin jirgin.

Kok bai rasa gurbi gaba ɗaya ba. Idan wata rana Allah ya hore muku jirgin faiba mai shafaffen daɓe, na ɗaukar mutane zalla, to ya dace, muddin an samu irin wanda aka yi don ruwa. Na allon sanarwa ba zai yi ba, gam ɗinsa ba na ruwa ba ne, jiƙa kaɗan zai marmashe. A kwale-kwalen yanzu ma, in ka samu guntu, manna shi a kan katakon zama, inda ruwa ba ya kwanciya, Baba zai ji daɗinsa a ƙugu.

Kowanne ka zaɓa, gwada shi a tudu kafin ya shiga jirgi. Yi wa guntun katako ɗaya, ka ajiye a bakin kogi, ka jingina shi ya ɗan karkace, ka watsa masa ruwan da aka wanke tarwaɗa, ka taka ba takalmi, sannan ka taka da silifas, wani yana riƙe da hannunka. Ka kuma saya wa jirgin buroshi mai tauri, a riƙa bin cikinsa da shi kowace yamma bayan an kwarfe ruwa. A gaida Baba da jiki.